Narkakken ƙarfen da ake sa wa bangon tokamak, zaiba ce?

Tambaya: Malam, ina koyar da fizik a Tahoua. Na karanta cewa ana son lulluɓe cikin tokamak, wato injin fuziyo mai haɗe ƙwayoyin zarra don samar da makamashi, da narkakken ƙarfe. Ƙanena kuma wani ya ce masa jar zaiba ce ake nema don wannan aiki, Turawa na saye da miliyoyi. Yanzu yana shirin sayar da babur ɗinsa ya shiga harkar. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malam, ka fara riƙe makullin babur ɗin tukuna, sannan mu yi magana.

Batun narkakken ƙarfe gaskiya ne. A ITER, babban tokamak da ake ginawa a Kadarash, kudancin Faransa, filasma, wato iskar gas mai tsananin zafi da ke cikin injin, zai kai digiri miliyan 150. Maganaɗisu ke tsare shi, amma zafin da ya kuɓuce yana sauka a gindin injin, kimanin megawat 10 a kan kowace murabba'in mita. Don gindin nan, ITER ƙarfen tangistan ya zaɓa, wanda sai digiri 3422 yake narkewa, duk da haka yana tsattsagewa, niyutron, ƙananan ƙwayoyin da fuziyo ke fitarwa, kuma na sa shi gautsi. To, narkakken ƙarfe ba ya tsagewa. Shi ya sa ake gwada wa injinan gaba litiyom da kuza. Rashawa ne suka ɓullo da dabarar da ta fi burge ni: raga ta ƙarfe mai ƙananan ramuka da ke tsotso narkakken ƙarfen kamar lagwanin fitila, duk inda filasma ya lashe sai wani ya taso ya cike gurbin. An gwada litiyom a Firinston ta Amurka da Hefei ta Sin. Da sauran aiki: litiyom na shanye tiritiyom, ɗaya daga cikin makamashin injin, yana kama wuta in ya haɗu da ruwa, kuza kuma na fallatsa ɗigo cikin filasma.

Zaiba fa? Ko kusa. Tana tafasa a digiri 357, lambar zarrarta 80 ce, ta litiyom 3. Kai ma ka san abin da ƙwayar zarra mai nauyi ke yi wa filasma: tana zuƙe zafinsa ta fitar da shi haske, nan take ya mutu.

Wallahi na gaji da maganar jar zaiba. Da wuya mako ya wuce a Yamai ban ji ta ba: yau tana cikin tsohon keken ɗinki, gobe cikin tsohuwar rediyo. Babu wani sinadarin nukiliya mai wannan suna. Jita-jita ce da ta bazu tun lokacin rushewar Tarayyar Sobiyet, ƴan damfara kuma suka same ta a sama. Abin da suke nunawa a kwalba zaiba ce aka zuba wa launi, in ma akwai zaibar. Sai su turo nasu a matsayin mai saye, ya yi tayin miliyoyi, ka biya kuɗin haja, daga nan waya a kashe.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Tururin zaiba ba ya wari, amma yana cin ƙwaƙwalwa da ƙoda, hannu ya kama rawa, mace mai ciki ta shaƙa ya taɓa ɗan da ke cikinta. Shi ne abin da ke cin masu ƙona ta a wuraren haƙar zinariya irin Komabangu. Sai ga mutum ya ɗora ta kan gawayi a ɗakin da ƴaƴansa ke kwana, wai gwaji yake yi!

In kwalbar ta riga ta shigo gida, a toshe bakinta, a fitar da ita daga ɗaki, kada a kusantar da ita ga wuta. In ta zube, a buɗe tagogi, a fitar da yara, kada a sa tsintsiya.