Na ƙara musu albashi amma har yanzu aikin ba rai, ina matsalar take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Ina da mat'am, wato gidan abinci, a Makka wajen Misfala, abincin gida muke yi, tuwo, shinkafa da miya, masa da safe, yawanci alhazai da masu Umra ne ke ci. Ma'aikata 14 gare ni, rabi Hausawa ne sauran 'yan Bangaladesh da ɗan Yaman guda ɗaya. Bara na ƙara wa kowa riyal 200 ina ganin za su ƙara himma, wata biyu aka yi abu ya koma gidan jiya. In ina wurin kowa na motsi, ina juya baya sai danna waya. Ɗan yayata na sa mudir, wato manaja, shi ma kullum cikin faɗa yake da su. Albashi yakan ɗan yi latti in kasuwa ta ja baya bayan hajji amma dai ina biya. Dan Allah ya zan yi su riƙi aikin nan kamar nasu?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Zan fara da abin da ka ajiye a ƙarshe kamar ba komai ba, wato lattin albashi, don a ganina rabin matsalar nan take.

Akwai wani masanin halayyar ɗan adam Ba'amurke, Frederick Herzberg, a 1959 shi da abokan aikinsa suka fitar da binciken da suka yi kan injiniyoyi da akantoci wajen 200 a Pittsburgh, tambayarsu aka yi yaushe kuka fi jin daɗin aiki, yaushe kuma kuka fi jin haushinsa. Abin da ya fito shi ne abin da ke sa mutum haushin aiki daban, abin da ke sa shi son aiki daban. Albashi da yanayin wurin aiki da dokokin kamfani da halin mai kula da kai, in suka lalace mutum zai tsani aikin, in aka gyara su haushin zai tafi amma ba su ke kawo so ba. So ɗin daga aikin kansa yake fitowa, a ba ka amana, ka ga ka iya abu, a gani a yaba, ka ga kana yin gaba. Masana sun yi ta ja-in-ja kan wannan bincike har yau, amma ni dai abin da nake gani a wuraren aiki bai saɓa masa ba. To kaga riyal 200 ɗinka ta yi aikinta, ta faranta musu na wata biyu sannan ta zama albashi kawai, haka ƙari yake ko nawa ne. Kuma ƙarin da bai zuwa a ranarsa ma bai gama cire haushin ba balle a kai ga maganar so.

Ka ɗauki yaron da ke wanke maka tukwane. Ranar 1 ga wata matarsa a Kano ko Maraɗi ta riga ta san kuɗi na tafe, ta ci bashin mai shago a kan haka, makarantar yara ta turo takarda, sai ga 5 ga wata shiru, 10 ga wata shiru, kuma ba wanda ya kira shi ya ce masa ga ranar da za a biya. Wannan danna wayar da kake gani wani lokacin gida ne ake tambayarsa yana rasa amsa. Wallahi mutumin da ke cikin wannan hali ko wa'azin awa uku ka yi masa kan kishin aiki ba inda zai shiga. Kasuwar Makka kowa ya san tafiyarta, Ramadan da hajji a cika, bayan alhazai sun watse a yi sanyi, tunda ba baƙon abu ba ne sai ka riƙa ware albashin watannin sanyi tun lokacin da ciniki ke gudu, ka ajiye shi gefe kar ka taɓa. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ka san shi, a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Hukuma ma tana kallo ta tsarin kare albashi, a manhajar albashi ta Mudad ana ganin wanda ya biya da wanda bai biya ba, kuma tun gyaran dokar aiki na Maris 2021 ma'aikaci na iya komawa wani kafili, wato mai gidan da ke ɗaukar nauyin aikinsa da zamansa a ƙasar, in ya cika shekara, in kuwa aka yi wata uku a jere ba a biya shi ba ko yardarka ba ya buƙata. Zamanin da mutum zai zauna dole don ba shi da mafita yana wucewa.

Sai awannin dawam, wato lokacin aiki. Doka ta ce awa 8 a rana, 48 a sati, a Ramadan kuma awa 6 ne ga musulmi ko 36 a sati, abin da ya haura wannan obataim ne, ana biyan kuɗin awar a ɗora rabin na asalin albashi a kai, kuma ba a sa mutum ya wuce awa biyar a jere ba hutun akalla rabin awa na sallah da cin abinci. Na san mat'am a Ramadan ba ya tsayawa a awa 6, daga la'asar har sahur ana kan wuta, to a rubuta awannin a biya, shi kenan. Kuɗin iƙama, wato katin izinin zama, kanka yake, fasfo kuma a hannun mai shi. Ka duba duk wannan tsakaninka da Allah kafin mu je gaba, don in nan da ɓaraka sauran maganar tawa ba za ta yi maka amfani ba.

Yanzu maganar su riƙi aikin kamar nasu. Alhaji me ke cikin aikin nan da yake nasu? Ka ce in kana wurin kowa na motsi, wannan tsoro ne, kuma tsoro yana bin mai shi ya fita ƙofa. In kai ne ke cewa gishiri ya isa, kai ne ke cewa ga yawan shinkafar da za a ɗora, kai ne ke amsa koken kwastoma, to ka koya musu da kanka cewa tunani naka ne su hannu ne kawai, ranar da ba ka nan kuwa hannu zai jira. Abin da nake ba da shawara, kuma shi na fi ganin yana canza wuri, ka yanka aikin gida gida ka danƙa wa kowa nasa da sunansa a gaban kowa. Mai miya a ce miya tasa ce, shi zai faɗi kubewa da kuka da daddawar da yake so a sayo, shi zai ɗanɗana ya ce ta yi, in aka yaba shi aka yaba, in aka kushe shi za a kira cikin mutunci a tambaya me ya faru. Mai masa haka, mai sito haka, mai tsaftar da baladiyya, wato hukumar gari, ke dubawa haka, har da lura da ranar da katin lafiyar kowa zai ƙare. Satin farko za su yi kuskure, miya za ta yi tsami wata rana, nan ne gwajin naka yake, in ka ƙwace abin a kuskuren farko sun gane wasa ne ba za su sake yarda ba. A masana'antar Toyota a Japan ƙaramin ma'aikaci na da igiyar da zai ja in ya ga matsala a layin haɗa mota, shugabansa ya taho da gudu, in ba a gyara ba layin ya tsaya, kamfanin ya yarda da asarar mintuna don mutumin ya san idonsa na da daraja. Kai ma ka ba mai zuba abinci ikon ya ce wannan shinkafar ba za ta fita ba, kuma ranar da ya faɗa ka goya masa baya ko da tukunya guda za a yi asara.

Wani abu kuma da masu mat'am ke mantawa, mai girki ba ya ganin mai ci. Yana can ciki cikin zafi da hayaƙi, abin da ke dawo masa sai faranti mai datti da faɗa. Ranar da wata tsohuwa daga Sakkwato wadda ta kwana goma ba ta ga tuwo ba ta cinye ta ɗaga hannu tana sa albarka, kar ka karɓe addu'ar kai kaɗai a bakin kanta, ka leƙa ciki ka kira wanda ya tuƙa ya fito ya ji da kunnensa. Yabon gwani ya zama dole, kuma a faɗi takamaiman abin da ya yi, "tuwon yau ba gudaji ko ɗaya" ta fi "sannunku da aiki" sau goma. Aikinku ciyar da baƙin Allah ne kuma ya kamata su riƙa jin haka, amma dan Allah kar a mayar da maganar lada abin rufe bakin mai bin albashi, na tsani wannan ɗabi'a kuma ma'aikata suna gane ta nan take, daga nan ko maganar gaskiya ka yi ba za su ji ba.

'Yan Bangaladesh ɗin nan da ɗan Yaman, ka lura ko ba a mayar da su 'yan kallo ba. In ana shawara da Hausa ana dariya da Hausa su sai dai a miƙa musu tsintsiya, rabin ma'aikatanka kenan a waje. Minti goma kafin a buɗe a tsaya a yi magana da Larabcin da kowa ke ji, kuma rabon hutu da obataim ya zama ƙa'ida ɗaya ga kowa.

Sai ɗan yayarka, nan ne wurin da ya fi nauyi. Kamfanin bincike na Gallup ya daɗe yana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin himma tsakanin wannan rukunin ma'aikata da wancan daga mai kula da su kai tsaye yake zuwa. Kai awa nawa kake a mat'am, shi kuma yini yake da su, duk alherin da ka shuka da safe yana iya tone shi kafin azahar da tsawa ɗaya a gaban kwastoma. Ban ce mugu ba ne, yawanci irin waɗannan yaran an ɗora su ne ba a koya musu komai ba, yana tsoron kar kawunsa ya ce ya kasa shi ya sa yake ɗaga murya. Anas bin Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba, ka zaunar da yaron ku biyu ka tuna masa wannan. Ka gaya masa daga yau ba gyara a gaban mutane, ba yanke albashi sai da saninka kuma bisa ƙa'ida, kuma abin da za ka riƙa auna shi da shi ba yawan faɗa ba ne, mutum nawa suka zauna ba su nemi canjin kafili ba, mutum nawa suka koyi abin da da ba su iya ba. Ka kuma buɗe ƙofar da ma'aikaci zai same ka kai tsaye, don yanzu ba mai kawo ƙarar ɗan gida wurin kawunsa.

Ka ba shi wata uku. In ya gyaru alhamdulillahi, in bai gyaru ba ka mayar da shi sayayya ko lissafin kuɗi inda ba mutane a ƙarƙashinsa, albashinsa na nan mutuncinsa na nan, ka ɗauko wanda ma'aikatan suka riga suka saba zuwa wurinsa in abu ya rikice, ka lura akwai shi a cikin 14 ɗin nan ko da Bangali ne. Ka fara sanar da yayarka da bakinka kafin ta ji a wani wuri. Kuma duk wannan canjin a yi shi lokacin da kasuwa ta yi sanyi bayan alhazai sun tafi, kar ka taɓa shi ana saura sati biyu azumi.