Shekarar Gidan Yari Wata Takwas

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ji ana faɗin shekarar gidan yari wata takwas ce, kana tambaya ko al'adar Katsina ce tun zamanin sarakuna. A'a. Jinjirin watan da muke dubawa a Ƙofar Soro shi fursuna ke dubawa. Rangwame ne: wanda aka yanke wa hukunci, in ya zauna lafiya, ana yafe masa kashi ɗaya cikin uku, shekara uku ta koma biyu. In ya ta da rigima, a zaftare masa rangwamen.

Namu dai shi ne sunan. Yari mutum ne, mai riƙe wa Sarki masu laifi. Dogarai su kamo, alƙali ya yanke, Yari ya ajiye, wani har da mari a ƙafa. Ina yaro na ga fursunonin En'e, wato hukumar gargajiya, ana fito da su shara da ɗiban ruwa, ganduroba na biye da sanda. A 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen daga hannun En'e.

Dabarar sakayya kuwa daga nesa ta zo. Wani sojan ruwa ɗan Sikotilan, Alexander Maconochie, wanda shi kansa ya taɓa zaman fursunan yaƙi a hannun Faransawa, aka ba shi kurkukun tsibirin Nofok, gabas da Ostareliya, a 1840. Wurin bulala ne zalla. Sai ya ce a daina ƙirga wa mutum kwanaki, a ƙirga masa maki: aiki da ladabi su ƙara, laifi ya rage, in ya cika adadinsa ya samu sassauci. Manyansa suka ce ya shagwaɓa 'yan sarƙa, suka cire shi a 1844. Ni dai ina ganin wanda ya ɗanɗana ɗauri ne kaɗai zai yi wannan tunani. Daga baya wani jami'in gidajen yari, Walter Crofton, ya ɗauki dabarar a ƙasar Ailan, ya mai da ita hawa-hawa har zuwa sakin talala.

A 2019 Buhari ya sa hannu a dokar da ta mai da sunan gidan gyaran hali. Sunan ya yi daɗi. Amma yawancin waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi, su kuwa ba su da wata takwas, don ba a yanke musu komai ba balle a rage. Shekararsu wata goma sha biyu ce cif.

Ka gaida mahaifiyarka.