Tsabar gwaji ta azurfa daga zamanin Turawa: ko ta cancanci jarin ɗan kasuwa?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. An kawo masa wata babbar tsabar azurfa mai hoton Sarki Edward na Takwas da shekarar 1936, aka ce masa tsabar gwaji ce da Turawan mulkin mallaka suka buga amma ba su saki ba, kuma masu tara tsofaffin kuɗi a Ingila za su biya ninkin-ba-ninkin abin da ake nema a wurinsa. Yana son sanin ko ya taɓa jarinsa ya saya, ya kuma mayar da tara irinsu sana'a ta biyu.

Alhaji, shawarata ita ce kada ka saya, kuma kada kuɗin da kake juyawa a shago su shiga wannan harka. Tsabar gwaji samfuri ce da gidan buga kuɗi ke ƙerawa domin hukuma ta duba zane ko nauyi ko irin ƙarfen kafin ta amince, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan ake bugawa, yawancinsu suna ƙarewa a ma'ajiyar gidan bugawar ko gidan tarihi ko hannun ma'aikatan da aikin ya bi ta kansu. Tun da ba a taɓa biyan haraji ko sayen gyaɗa da ita ba, da wuya ƙwarai ta ɓullo daga adakar wata tsohuwa a Kano. Kuɗin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila galibinsu a can Ingila aka buga su, a gidan buga kuɗi na gwamnati da kuma kamfanoni biyu na Birmingham waɗanda ake gane aikinsu da ƙaramin harafin H ko KN a jikin tsabar, saboda haka can ne samfuran suka fi zama.

Tsabar da aka kawo maka tana da matsala ta biyu wadda ta fi wannan girma. Edward na Takwas bai cika shekara a kan gadon sarauta ba, ya hau a Janairun 1936 ya yi murabus a Disamba, kuma kuɗin da aka saki da sunansa a yankinmu su ne kwabo da ɗari da anini masu huda a tsakiya, waɗanda ba na azurfa ba ne, babu hotonsa a jikinsu, kuma an buga su da yawa har ba su da tsada yau. A lokacin ma an daɗe da daina yi mana kuɗin azurfa. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ta fara sakin fataka (wato sule biyu) da sule da sisi da taro na azurfa a 1913, sannan a 1920, bayan farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabi, aka koma ƙarfe mai ruwan tagulla. Manyan tsabobi masu hoton Edward da sunayen ƙasashen da Ingila ta mallaka, dillalai ne masu zaman kansu suka sa aka buga su shekaru da dama bayan murabus ɗinsa domin sayar wa masu sha'awa. Wasunsu azurfa ce ta gaske, amma babu gwamnatin da ta ba da umarnin yin su, kuma farashinsu bai kama ƙafar na samfurin gaskiya ba.

Ko da a ce ta gaske ce, akwai batun fitar da kuɗinka. Atamfa idan ta yi kwantai kana iya karya farashi ka rabu da ita a mako guda, amma masu sayen tsabar gwaji ƙalilan ne a duniya, kuma a gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans na Landan ko Heritage na Amurka ake samunsu. Kafin su kula ka sai an tantance tsabar, galibi a kamfanin NGC ko PCGS, inda ake ba ta maki daga 1 zuwa 70 a rufe ta cikin roba mai lamba, kuma za a so sanin hannayen da ta bi. Kai za ka biya kuɗin tantancewa da aikawa da inshora da la'adar gidan gwanjo, mai saye kuma yana rage tayinsa saboda shi ma ana ɗora masa la'ada da kan kai kashi ashirin cikin ɗari ko fiye. Sai ka jira watanni kafin ranar gwanjo ta zo, sannan kafin tsohon kaya ya bar Najeriya ya kamata a tuntuɓi hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa game da takardar izini.

Idan sha'awar tana nan, fara da abin da ƙasarmu ke da shi da gaske, wato sulalla da fatakun 1913 zuwa 1919 masu hoton bishiyar kwakwar manja a baya. Nauyin sule giram 5.66 ne, na fataka 11.31, kuma kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, don haka kana iya ɗora tsaba a ma'aunin masu sayar da gwal, ka lissafa kuɗin azurfar da ke cikinta a farashin ranar, ka san ƙasan da asararka ba za ta wuce ba. Kara mata maganaɗisu, domin azurfa ba ta kama shi, sannan ka duba gefenta ko akwai layin haɗi ko ƙananan ramuka irin na abin da aka narka aka yi zubinsa. Wadda aka huda ko aka yi wa walda domin sarƙa ta koma kuɗin nauyinta kawai. Kada ka yarda a goge maka da toka ko lemon tsami, domin duhun da shekaru suka bari a jikinta yana cikin abin da masu saye ke biya. Haka nan dalar Mariya Tareza, wato tsohuwar tsabar azurfa ta ƙasar Austria, kada shekarar 1780 da ke jikinta ta ruɗe ka, domin da wannan shekarar aka ci gaba da buga ta har zamaninmu.

Ware wa wannan abin da za ka iya mantawa da shi na shekaru daga ribarka, ka rubuta ranar saye da farashi da nauyin kowace tsaba a littafi, kuma ka tambayi malaminka yadda zakkarta take idan da niyyar sayarwa ka ajiye. Shi kuwa wanda ya kawo maka tsabar Edward, ka nemi ya nuna lambar tantancewa wadda za ka iya dubawa da kanka a shafin kamfanin, da kundin gwanjon da aka taɓa sayar da irinta. Idan bai kawo ba, abin da za ka iya taya masa shi ne kuɗin nauyin azurfarta, bayan maƙerin farfaru ya gwada ta a gabanka.