Amsa: zaman yaro mai galahanga da gane hannun dama ko hagu

Maman yara, tambayarki kan me yasa ɗanki mai galahanga (wato autism) yake rikicewa in an nuna masa hoton hannu aka ce na dama ne ko hagu, musamman in ya naɗe hannunsa, wallahi abin yana da tushe.

Kinga mu kanmu in aka nuna mana hoton hannu a juye, a zuci muke juya namu hannun har ya dace da hoton kafin mu amsa, shi yasa in kika sa hannu a baya sai ki ga kin ɗan yi jinkiri, gwada ki gani. A Italiya wani mai bincike Conson da abokan aikinsa sun gwada matasa masu galahanga da marasa ita da irin wannan hoton hannun a binciken da ya fito 2016, wani lokaci hannu ɗaya a naɗe a ƙirji wani lokaci duka biyun a miƙe, masu galahanga ma suna iya yi amma yanayin jikinsu yafi takura musu akan sauran.

Don Allah karki ɗauka taurin kai ne. In zaki koya masa alwala ko ɗaure takalmi ki zauna gefensa kuna kallon waje ɗaya, hannunsa a sake, ki barshi ya motsa su. Allah ya raya mana shi.