Filin Tambaya da Amsa: Ina so in sa wa motata manyan rim, me zan duba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da Mercedes E-Class ƙirar 2018, ta zo da rim mai inci 18, a jikin tayar an rubuta 245/45 R18. To gaskiya duk sanda na ga irin motata da manyan rim sai in ji tawa kamar ba ta cika ba, shi ne nake so in sa 20 ko ma 22, amma wani abokina ya ce zan kashe shokozoba, bakanikena kuma ya ce ba komai in dai ramin noti ya yi daidai. Dan Allah wanne ne gaskiya? Na gode.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, mun gode da tambaya. Abokinka ya fi kusa da gaskiya, maganar bakanikenka kuwa rabi ce, don ramin noti ɗaya ne kawai cikin abubuwan da ake dubawa.

Bari mu fara da wannan rubutun na jikin tayarka, don komai a nan yake. 245 faɗin tayar ne a milimita, 45 ɗin nan yana nufin tsayin gefen tayar kashi 45 ne cikin ɗari na faɗinta, wato kusan milimita 110 na roba da iska tsakanin rim da kwalta, 18 kuma girman rim ne a inci. In ka haɗa duka, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 678 ne, kuma da wannan lissafin aka saita agogon gudu da giya da ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) da na'urar hana santsi. To ka ga tsayin nan ba a so ya canza, masu harkar taya suna cewa kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari, saboda haka duk incin da ka ƙara wa rim daga jikin roba za a cire shi, babu wani wajen da zai fito. Rim 19 zai tafi da 245/40 R19, gefe ya koma milimita 98. Rim 20 zai tafi da 245/35 R20, gefe ya koma wajen 86.

Wannan robar da ake ragewa ita ce abu na farko da ke shanye gargada kafin ta kai ga shokozoba, kuma ni abin da ke damuna ke nan, mutum ya sayi E-Class saboda laushin tafiya da shirun da ke cikinta, ka zauna a baya kamar kana falo, sannan ya zo ya cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu na katifar da ke ƙasansa. Za ka ji kowane tsagi na hanya a kujera da sitiyari, ƙarar taya za ta ƙaru, in kuma ka faɗa rami da gudu babu isasshiyar robar da za ta kare rim, sai dai ka ga taya ta yi ƙulu a gefe ko rim ya lanƙwashe ko ya tsage yana sace iska a hankali. Tayar da ta yi ƙulu a gefe ba ta faci, canzawa ake yi. Ga nauyi kuma, babban rim yawanci ya fi nauyi, shi ne ke sa shokozoba da bushin su yi ta aikin da ya fi na da, mota ta ɗan rage kuzarin tashi, shan mai ya ɗan ƙaru. Ba rana ɗaya za su mutu ba, amma ba za su kai kwanan da ya kamata ba in hanyoyinka ba masu kyau ba ne.

Amfani akwai, ba zan ɓoye maka ba. Kyau dai ka riga ka gani da idonka, sannan a kwana motar tana ƙara kama hanya, sitiyari yana amsawa da wuri tunda gefen taya ba ya lanƙwasa sosai.

22 kam ka cire shi a ranka dan Allah. Ko da 245/30 R22 ka sa, tsayin zai kai kusan milimita 706, ya wuce na asali da kashi 4, agogo zai nuna 100 alhali tafiyarka ta ƙaru da wajen kilomita 4 a kan yadda ka saba, ga gogar fenda in ka murɗa sitiyari gaba ɗaya ko ka ɗauki mutane a baya.

Ni da motata ce 19 zan sa, ka samu kyan da kake nema kuma laushin bai tafi duka ba. 20 ma kamfanin da kansa yana fitar da wannan ƙirar da shi, saboda haka zai zauna, amma sai in mafi yawan tafiyarka kan kwalta mai sumul ne.

Yanzu kafin ka biya kuɗin rim. Naka 5x112 ne, wato ramin noti biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112, ramin tsakiya kuma milimita 66.6, in na sabon rim ɗin ya fi haka faɗi sai an sa masa zoben da zai cike gurbin, in ba haka ba sitiyari zai dinga rawa a babban gudu kana ta kai balansin a banza. Ka juya bayan rim ka nemi ET da lamba a gabansa, shi ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje, ka nemi wanda ya yi kusa da na tsohon. Sai wani abu da mutane da yawa ba sa lura, kan notin Mercedes mai zagaye ne, rim ɗin kasuwa da yawa kuma mazauninsu mai tsini ne kamar mazurari, in aka ɗaura tsohon noti a kai zai yi kamar ya kama amma zai iya kwancewa kana cikin tafiya, wannan maganar rai ce ba ta ado ba.

A jikin taya kuma bayan girman akwai wata lamba da harafi, misali 100Y. Harafin yana nuna iyakar gudun da tayar za ta iya jurewa, lamba 100 kuma tana nufin tayar tana ɗaukar kilo 800, 98 kilo 750, 95 kilo 690, ka duba littafin motarka kada ka sauka ƙasa da abin da ya yarda da shi. In motar 4MATIC ce, wato wadda inji ke jan tayoyinta huɗu duka, tsayin tayoyin gaba da na baya dole ya zo kusan ɗaya. Ka tabbata an mayar da sensar iska cikin sababbin rim ɗin, a yi balansin da alayimen a ranar, kuma tsofaffin 18 ɗin nan kar ka yi saurin sayar da su, ka ajiye su tukuna har ka yi wata ɗaya ko biyu kana hawa ka ji ko bayanka ya yarda da sabon.