Sai Na Karanta Likitanci Kafin In Shiga Binciken Harshe da Ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digirin farko a kimiyyar harshe, ina son ci gaba a fannin da ke nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa magana. Sai dai ban karanta likitanci ba, lissafina ma da sauƙi. Za su karɓe ni kuwa? Kuma yaya rayuwar masu wannan bincike take? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Za su karɓe ki. Gaskiya ne likitoci ne suka buɗe fagen: a 1861 Paul Broca a Faransa ya bayyana wani majiyyaci mai suna Leborgne, wanda yake gane abin da ake faɗa masa amma ba ya iya furta komai sai "tan", sannan a 1874 Carl Wernicke ya bayyana masu magana tiryan-tiryan wadda ba ta da ma'ana. Amma a yau idan kika shiga cibiya irin ta Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holand, wadda aka kafa a 1980, ko gungun masu binciken harshe da sadarwa da ƙwaƙwalwa na jami'ar Aix-Marseille da ke Faransa, likitoci 'yan tsiraru ne. Mafi yawa masana harshe ne, da masana halayyar ɗan Adam, da injiniyoyi, da masu kimiyyar kwamfuta, da masu gyaran magana.

Abin da ya sa suke bukatar irinki shi ne na'ura ba ta san tambaya ba. Ɗauki misalin abin da Marta Kutas da Steven Hillyard suka gano a 1980. Idan mutum yana karanta jimla, sai kalmar da ba ta dace ba ta faɗo a ƙarshe, kamar a ce "ya rubuta wasiƙa da gajimare" maimakon "da alƙalami", wutar ƙwaƙwalwarsa takan nuna wani sauyi bayan kusan milisakan 400 (milisakan dubu ne sakan ɗaya). Shi ya sa ake kiran alamar N400. To, kafin a auna wannan, sai wani ya zauna ya tsara jimloli masu ɗimbin yawa, ya daidaita tsawon kalmomin, da yawan amfani da su a bakin mutane, da gurbinsu a nahawu, don kada a ce bambancin da aka gani daga wani abu daban ya fito. Wannan aikin yakan ci makonni, kuma masanin harshe ne ya fi iya shi. Gwaji da yawa tun a nan yake lalacewa, kafin a kunna ko da na'ura ɗaya.

Wani binciken ma babu ruwansa da na'urar ƙwaƙwalwa. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta sun nazarci hirarrakin da aka ɗauka a bidiyo cikin harsuna 10, suka ga tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa gajeriya ce ƙwarai, a jimlace kusan milisakan 200. Alhali kuwa ambaton sunan abin da ke cikin hoto kaɗai yana cin kusan milisakan 600. Ke nan mai sauraro yana shirya amsarsa tun mai magana bai rufe baki ba. Masu nazarin hira ne suka fito da wannan, sannan masu na'ura suka bi sawu suna neman yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa sauraro da shirin magana a lokaci guda.

Batun rayuwar yau da kullum kuma, kada hotunan ƙwaƙwalwa masu launi su ruɗe ki. Ranar gwaji za ki sa wa mutum hula mai wayoyi 32 ko 64 da ke auna wutar ƙwaƙwalwa, ki cika kowane gurbi da man da ke sa wuta ta ratsa, ki roƙe shi ya rage ƙifta ido, domin ƙiftawa ɗaya ta fi alamar da kike nema girma nesa ba kusa ba. Na'urar fMRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kuma jini take bi, ba wuta ba, don haka tana makara da wasu sakanni, ga ƙara, ga shi motsin kai kaɗan yana ɓata hoton. Sai ki ga wahalar nazarin magana a cikin na'urar da ba ta son a motsa haɓa. Sauran kwanakin a gaban kwamfuta suke ƙarewa, ana tace bayanai.

A nan lissafin zai zo, kuma ba zan ɓoye miki ba, ba makawa sai kin koyi ƙididdiga da ɗan rubuta manhaja a R ko Python. Da yawa daga cikin ɗalibai a ɗakin bincike suke koya, daga na gaba da su. Abin ya ƙara tsanani tun 2015, lokacin da aka maimaita gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, kusan kashi 36 cikin ɗari kaɗai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Yanzu ɗakunan bincike da yawa suna rubuta hasashensu da hanyar nazarinsu a bainar jama'a kafin su tara bayanai. Ni a ganina wannan gyara ne mai kyau, ko da yake yana rage saurin aiki.

Zuciyar zaman ita ce taron mako-mako na ɗakin bincike. Ki tashi ki nuna aikinki da bai kammala ba, ɗalibi da farfesa kowa ya caccake shi. Da farko yana da ciwo. Sai daga baya mutum ya gane cewa wanda ya tono kuskurensa a ɗaki ya cece shi daga masu tantancewa na mujalla, waɗanda sukan riƙe maƙala watanni sannan su dawo da ita. Muhawarar ma ba ta ƙanana kaɗai ba ce. Har gobe manya suna jayayya kan ko harshe da tunani hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa; Evelina Fedorenko ta jami'ar MIT a Amurka tana cikin masu cewa kowanne da tasa. Ko Broca bai tsira ba: a 2007 Nina Dronkers da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar Leborgne da aka adana a Paris, suka ga raunin ya yi zurfi fiye da inda Broca ya gani.

Akwai ɓangaren da ba shi da daɗi. Digirin digirgir yakan ɗauki shekara 3 a Faransa, 4 a Holand, galibi da albashi. Bayansa sai kwantiragin shekara biyu ko uku, sau da yawa a wata ƙasa, kuma kujerun dindindin ba su kai yawan masu nema ba. Mai iyali ya kamata ya yi wannan lissafin tun da wuri.

Kina kuma da wani jari da wataƙila ba ki lura da shi ba. Yawancin abin da aka sani an gina shi ne a kan tsirarun harsunan Turai. Binciken da ɗakin Fedorenko ya buga a 2022 a kan harsuna 45 ya ja hankali ne saboda irinsa ba shi da yawa. Wanda ya san nahawun harshen da ba a taɓa kai shi ɗakin gwaji ba, musamman mai karin sauti, yana da tambayoyin da wasu ba za su iya yi ba.

Don haka ki fara da darasin ƙididdiga, ki saba da manhajar Praat ta nazarin sauti, kyauta ce. Ki zaɓi ɗakunan bincike biyu ko uku, ki karanta maƙalunsu na baya-bayan nan, sannan ki rubuta wa shugaban kowanne gajeriyar wasiƙa: wace maƙala kika karanta, wace tambaya ta bar miki, kuma da wane harshe kike son gwada ta.