Amsa kan alat ɗin bogi da masu kira da sunan banki

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kana da shagon kayan masarufi, an nuna maka alat ka ba da kaya, daga baya ka tarar babu abin da ya shiga, kuma ga wasu na kiranka wai daga banki. Allah ya mayar maka da alheri.

Saƙon tes da ya shigo wayarka ba hujja ba ne. Akwai shafukan tura saƙo a intanet da mutum zai sa sunan da ya ga dama a matsayin mai aikowa, har saƙon ya faɗa cikin jerin saƙonnin bankinka na gaskiya. Rasit ɗin da yake haska maka a fuskar wayarsa kuwa ya fi sauƙin haɗawa. Abin dogaro ɗaya ne: ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, ko ka danna lambar duba balas, ka ga kuɗin sun ƙaru da daidai adadin. Ka ƙirga sifili, domin wani 5,000 zai turo a madadin 50,000, yana sane da cewa ido na gaggawa. In ya ce "ai an cire a wajena, netwok ne", ka ce masa ba komai, kaya su jira netwok. Mai gaskiya zai jira ko ya dawo.

Ka lura da lokacin zuwan masu alat ɗin bogi: dab da magariba, ko Juma'a ana shirin masallaci, ko jajibirin sallah da shago ya cika. Kayan da ba sa kwantai suke ɗauka, buhun shinkafa, katan ɗin taliya, jarkar mai, ga Adaidaita Sahu na jira a ƙofa. Sun fi samun sa'a in yaron shago ne kaɗai, don haka ka kafa masa doka: kaya ba sa fita sai ya kira ka ka tabbatar, ko da mai sayen ya zo da babbar riga.

Akwai kuma mai cewa ya turo maka kuɗi bisa kuskure, ka mayar masa ta wani asusu daban. Ko da kuɗin sun shigo da gaske, kada ka tura. Mai yiwuwa na sata ne ake son bi da su ta hannunka, in bincike ya zo asusunka za a rufe. Ka sanar da bankinka, su mayar inda suka fito.

Masu kira kuwa, kada sanin cikakken sunanka ko ranar haihuwarka ya ruɗe ka. Da tsoro suke aiki: wai za a rufe asusunka yau saboda matsalar BVN ko NIN. Abin da suke nema shi ne lambobin gaban katinka, ranar ƙarewarsa, lambobi 3 na bayansa, PIN, da lambar OTP da ake turowa ta tes. Waɗannan in sun haɗu a hannun mutum, zai kwashe kuɗi ba tare da ya taɓa katin ba. Ma'aikacin banki ba ya tambayar PIN ko OTP. Ka katse, ka kira lambar da ke bayan katinka. Haka mai cewa za a yi taron ƙungiya ta intanet, ka karanto masa lambobi 6 da aka turo maka: WhatsApp ɗinka zai ƙwace ya bi 'yan'uwanka da roƙon rance. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin manhajar.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi layin waya ne. Ɓarawon waya yakan cire sim ya sa a wata, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, daga nan ya fara lalube. Ka sa wa sim ɗin kansa PIN. In ka kuskure PIN ɗin sau 3 zai nemi PUK, wato lambar buɗe sim, tana jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, sai ka adana shi. Ka kuma tambayi bankinka lambar gaggawa ta toshe asusu daga kowace waya, ka rubuta ta a takarda.

In an riga an kwashe, gaggawa ce magani, domin nan da nan suke rarraba kuɗin zuwa wasu asusai. Ka toshe asusun, ka kira banki, sannan ka je reshe ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin, ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. In sati 2 ya wuce banki bai yi komai ba, ka kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Duk wanda ya biyo ka a Facebook ya ce zai dawo maka da kuɗinka in ka biya shi wani abu, kada ka ba shi ko sisi, sau da yawa su ne dai suka dawo karo na biyu.